Gina Gida Domin Uban Da Ke Renon 'Ya'yansa Shi Kaɗai

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani mabukaci da ikilisiya take yawan mantawa da shi. In aka ce a taimaki marasa ƙarfi, hankalin kowa yakan tafi ga gwauraye mata da marayu, kuma daidai ne a tuna da su. Amma a kusan kowane ƙauye akwai magidancin da matarsa ta rasu, ko ta tafi, ta bar masa yara ƙanana. Shi ne uwa, shi ne uba. Yana zuwa sujada da wankakkiyar riga, ana gaisawa da shi, ba wanda ya san cewa ɗakin da yake kwana da yaransa ya kusa faɗuwa.

Mun taɓa yin aikin gina wa irin wannan iyali gida tare da wata ikilisiya ta ƙauye. Za mu bayyana yadda aikin yake daga farko har ƙarshe, da kurakuran da muka yi, domin ikilisiyar da take da niyya ta san inda za ta fara.

Me ya sa gidan irin wannan uba yake saurin lalacewa?

Iyaye maza masu reno su kaɗai ba kaɗan ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, a Nijeriya suka mutu. Yawancin waɗannan mata sun bar miji da yara. Ga kuma waɗanda tashin hankali ko ciwo ya raba su da matansu.

A gidan ƙauye, aiki a rabe yake. Maigida yana gona, yana jinka, yana gyaran katanga. Uwargida tana girki, ɗiban ruwa, itace, daɓe, da kula da yara. Ranar da ɗaya ya rasu, dukan aikin ya koma kan ɗaya. Kafin rasuwar kuma, sau da yawa an riga an sayar da awaki da hatsi, har da jinginar da gona, saboda kuɗin asibiti. Sai kuma hidimar biso ta cinye abin da ya rage. To, rani ya zo, lokacin da kowa ke yankan ciyawa yana sabunta jinka, shi yana can yana ƙodago a gonar wani ko yana faskare domin abincin yau. Shekara ɗaya jinka ta wuce ba gyara, ta biyu ruwa ya fara zuba a kan bango, ta uku bango ya tsage.

Abu na biyu shi ne kunya. Al'ada ta koya wa namiji kada ya yi kuka a gaban mutane. Mace gwauruwa tana da Zumuntar Mata, tana da ƙawayen da za su shiga har cikin ɗakinta su ga halin da take ciki. Namiji a ƙofar gida ake gaishe shi, daga nan a juya.

Abin da muka tarar

Magidancin da muke magana a kansa yana da yara biyar, maza uku mata biyu. Babbar 'yar tana da shekara 13, ƙaramin bai kai uku ba. Malamin makarantar Lahadi ne ya fara lura cewa babbar ta daina zuwa, da ya bincika sai ya ji har makarantar boko ta bari, domin ita ce mai girki da goyo. Da muka je tare da dattawa biyu, muka tarar ɗakuna biyu ne a gidan, ɗaya ya riga ya faɗi a daminar da ta wuce. Su shida suna kwana a ɗaya. Bangon gabas ya rabu da sauran, har hannu yana shiga cikin tsagar, an tokare shi da itace daga waje. In hadari ya taso da dare, uban yakan tashe su duka su zauna a bakin ƙofa har ruwa ya ɗauke. Magini ya duba ya ce bangon ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Watanni biyar ke nan suka rage mana.

Tunanin da muka aro

Hanyar da muka bi ba mu muka ƙago ta ba. A shekarar 1942 wani malamin Littafi Mai Tsarki kuma manomi, Clarence Jordan, ya kafa wata gonar zumunci mai suna Koinonia a jihar Jojiya ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 shi da Millard Fuller da matarsa Linda suka fara gina wa matalautan yankin gidaje bisa wasu ƙa'idodi masu sauƙi. Mai gidan zai yi aiki da hannunsa tare da masu taimako. Ba za a ci riba ba, ba za a sa kuɗin ruwa ba. Abin da ya biya kaɗan kaɗan zai koma cikin asusu a gina wa wani. A 1973 iyalin Fuller suka kai wannan tsari garin Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, suka yi shekara uku suna gwada shi. A 1976 suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa Rosalynn sun fara yin aikin gini da ita a 1984, suka ci gaba har tsufansu.

In muka duba da kyau, wannan aikin gayya ne da iyayenmu suka sani, an ƙara masa asusu da rubutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muka koya daga gare su shi ne, mai gida abokin aiki ne, ba mai jiran sadaka ba.

Zaɓen iyali da kiyaye mutuncinsa

Kada mutum ɗaya ya zaɓa, ko da fasto ne. A kafa kwamiti na mutum biyar ko bakwai: dattijo, mata biyu daga Zumuntar Mata, matashi, da wanda ya san gini. A rubuta ƙa'idodin zaɓe tun kafin a ambaci sunan kowa. Namu guda huɗu ne: ɗakin yana da haɗari ga rai, akwai yara ƙanana, iyalin ba su da hanyar gyara da kansu, kuma maigidan ya yarda zai yi aiki. In an rubuta haka, ba wanda zai ce an zaɓi ɗan'uwan wane. Kuma ƙa'idar ba ta tambayi ko mutum ɗan ikilisiyarmu ne ba. Maƙwabcin da bango zai faɗa wa 'ya'yansa maƙwabci ne.

A nan muka yi kuskurenmu na farko. An yi sanarwa a cikin sujada, aka kira sunan mutumin, aka bayyana halin ɗakinsa a gaban jama'a domin a motsa zukata a yi baiko. Baiko ya yi kyau, amma mutumin ya yi mako uku bai zo majami'a ba, ya kuma aiko cewa a bar aikin. Sai da wani dattijo tsaran mahaifinsa ya je ya zauna da shi, muka nemi gafara, kafin ya amince. Tun daga nan ƙa'idarmu ita ce a fara zama da maigida shi kaɗai, a tambaye shi abin da ya yarda a faɗa da abin da bai yarda ba. Ba a ɗaukar hoton yaransa ko na cikin ɗakinsa sai da izininsa.

Fili da takarda

Kafin a haƙa ko taki ɗaya, a tabbatar da mai filin. Da yawa daga cikin gidajenmu a kan filin gado suke, wanda ba a raba ba. Muddin bukka ce a wurin ba mai magana, amma ranar da kwano ya hau, 'yan'uwa za su tuna cewa su ma suna da rabo. Mun san inda aka gina wa wata gwauruwa ɗaki, bayan shekara biyu dangin mijin suka karɓe.

Saboda haka a tara 'yan'uwan maigida, da mai unguwa ko dagaci, da maƙwabta na kowane gefe. A zaga iyaka, a kafa duwatsu ko a dasa itatuwa. A rubuta yarjejeniya da harshen da kowa ke ji, a faɗi cewa gidan na wannan mutum ne da 'ya'yansa, maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kofi ɗaya ga maigida, ɗaya ga dagaci, ɗaya a ofishin ikilisiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin zama ta gargajiya a kan filayen karkara, don haka in da hali a nemi wannan ma. Sunan 'ya'ya a cikin takarda yana da muhimmanci, domin uban zai iya sake aure, ko Allah ya yi masa rasuwa yaran suna ƙanana.

A kuma dubi wurin da kansa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana abin da ruwa ke yi wa gidajen bakin rafi da na kwari. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, a yi gini sama da nan.

Girman gida

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ma'aunin da ake kira Sphere, wanda ya ce mafi ƙarancin wurin zama mai rufi shi ne murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Ga mutum shida, murabba'in mita 21 ke nan. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, wato mita 3 da mita 3.6, yana ba da kusan murabba'in mita 11. Ɗakuna biyu irin wannan sun cika ma'aunin, amma da ƙyar. Mun gina biyu da 'yar baranda, muka kuma zuba harsashin na uku muka bari, domin maigidan ya ɗora in ya sami hali.

Ɗakuna biyu ba ƙawa ba ce. A gidan da babu uwa, 'yan mata masu tasowa suna bukatar ɗakinsu mai ƙofa da sakata daga ciki, da makewayi mai rufin asiri. Matan kwamiti ne suka nace a kan wannan, kuma su suka zauna da babbar 'yar suka ji inda take so a sa madafa da ƙofar ɗakinsu. Wanda zai zauna a gida shi ya kamata a tambaya, har da yara.

Ƙasa, tubali da harsashi

Mutane da yawa suna ganin in ba bulon siminti ba ne, ba gida ba ne. Ba haka ba ne. Ginin ƙasa mai kyau yana daɗewa, ya fi sanyi da rana, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Bulon da aka ja buhu ɗaya na siminti ya fitar da fiye da kima, wanda kana murzawa da yatsa yana zuba, bai kai tubali mai kyau ƙarfi ba. Abokan gaban ginin ƙasa biyu ne: ruwan da ke tasowa daga ƙasa da ruwan da ke dukan bango daga sama. In an yi maganin waɗannan biyu, an gama.

Da farko a gwada ƙasar. A kawar da ta sama mai saiwoyi da taki, a ɗebo ta ƙarƙashi. A zuba a kwalba mai haske har kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. Ƙasar da ta dace ita ce wadda yashinta ya kai rabi ko ya fi, yumɓunta kuma bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jar ƙasa galibi takan yi kyau. Baƙar ƙasar fadama wadda ke tsagewa da rani ba ta dace ba, sai an haɗa ta da yashi mai yawa. Bayan haka a buga tubali biyar na gwaji, a shanya su bushe sarai. In sun tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. In suna marmashewa, yashi ne ya yi yawa.

Inda ake iya samun injin matse tubali na hannu, a yi amfani da shi. Irin wannan inji, wanda aka fi sani da CINVA-Ram, a ƙasar Kolombiya aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950. Ana haɗa bokiti ɗaya na siminti da bokiti 15 zuwa 20 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a matse. Tubalin yana bukatar inuwa da yayyafin ruwa na mako guda, sannan a bar shi ya cika mako huɗu kafin a yi gini da shi.

Harsashi kuwa, kada a yi rowa a nan. A haƙa har a sami ƙasa mai tauri, galibi ƙafa biyu ko fiye. A jera dutse da siminti, ko bulo mai kyau, har ya ɗaga ƙafa ɗaya sama da ƙasa. A shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a ɗora tubalin farko, domin kada laima ta hau bango. In kuɗin siminti kaɗan ne, a nan ya kamata ya fara shiga. A sa linta a kan kowace ƙofa da taga, a kuma sarƙa tubali da kyau a kusurwa, gama nan ne tsohon ɗakin ya fara rabuwa.

Rufi, daɓe da taga

Kwano shi ne ya fi cin kuɗi, kuma shi iska take fara ɗauka. Guguwar farkon damina ba ta yaye rufin da aka ɗaure da kyau. A ɗaure katakon da ke kan bango da waya mai kauri ko ƙarfen ɗauri, wanda aka binne cikin bango jeri uku ko huɗu daga sama tun ana gini. Duwatsun da ake ɗorawa a kan kwano ba ɗauri ba ne, haɗari ne ga yara. A shafa wa katako maganin gara kafin a hau da shi. Bakin rufi ya zarce bango da ƙafa biyu a kowane gefe, musamman gabas inda ruwa ke dukowa. A tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje, domin ruwa ya gudu. Yaɓen da aka haɗa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke amfani da shi, har yanzu yana taimakawa wajen kare bango da daɓe.

Kuskurenmu na biyu a nan yake. Mun rufa kwano ba silin, a watan Maris ɗakin ya zama tanda, yaran suka koma kwana a waje inda sauro yake. Daga baya muka yi silin da tabarma da zana, zafi ya ragu sosai. Da mun sa shi cikin lissafi tun farko.

Daɓen siminti yana da amfani fiye da yadda ake zato. A ƙasar Meziko gwamnati ta yi wani shiri mai suna Piso Firme na sa wa gidajen matalauta daɓen siminti. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa a gidajen da aka yi wa daɓen, tsutsar ciki da gudawa da ƙarancin jini sun ragu ƙwarai a cikin ƙananan yara. Dalilin a fili yake: yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma ƙasa ba ta wankuwa. A gidan da babu uwa mai sa ido kowane lokaci, wannan ya fi muhimmanci.

Kowane ɗaki ya sami taga biyu masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, a sa musu raga. A toshe ratar da ke tsakanin bango da rufi, domin ta nan sauron zazzaɓi ya fi shiga da dare. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa sa raga a gida ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, yaran gidajen kuma ba su cika ƙarancin jini kamar sauran ba. Wannan bai hana kwana cikin gidan sauro ba, ƙari ne a kansa.

Madafa da masai

Gida bai cika ba sai da waɗannan biyu. A tsohon ɗakin, in ana ruwa, yarinyar a ciki take hura wuta, ƙannenta suna shaƙar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. A gina 'yar madafa dabam da ɗakin kwana, mai buɗaɗɗen sama ta gefe, da murhun laka mai rage cin itace wanda yaro ba zai iya turewa ba.

Masai kuwa ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kasance ta gangare, ba ta saman rijiyar ba. Irin mai bututun iska, wanda aka fara yi a cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe a shekarun 1970, shi ya fi. Bututu mai faɗin inci 4 ko fiye yana fitowa daga ramin ya wuce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure raga a bakinsa. Wari yana fita ta sama, ƙudaje kuma suna bin haske su maƙale a ragar su mutu. Ramin tsugunawa kada ya yi faɗin da ƙaramin yaro zai ji tsoro ko ya faɗa. A ajiye ruwa da sabulu ko toka a bakin ƙofa.

Lokaci da rabon aiki

Gini na rani ne, amma ruwa ma da rani yake ƙarewa. Saboda haka a yi shawara da zaman fili tun ana girbi. A buga tubali a Nuwamba da Disamba, sa'ad da rafi bai ƙafe ba. Harsashi da bango a Janairu da Fabrairu. Rufi ya hau kafin ƙarshen Maris, domin da zarar ruwan fari ya sauka kowa zai koma gona, ba za a ƙara samun mutum ba. A tuna iskar hunturu tana busar da siminti da sauri, sai ana yayyafa masa ruwa safe da yamma na kwana bakwai.

Mun raba aiki bisa ƙungiyoyi. Matasa suka haƙa ƙasa suka buga tubali a ranakun Asabar huɗu. Zumuntar Mata suka ɗebo ruwa suka dafa abincin ma'aikata. Masu amalanke da shanu suka kawo dutse da yashi. Mawaƙa suka yi yaɓe da daɓen baranda. Magini da kafinta kaɗai aka biya, su ma sun rage ladansu. Muna ba da shawara a biya su ko da kaɗan, domin wanda aka biya ana iya ce masa ya rushe ya sake in layi ya karkace. Maigidan shi ne na farkon zuwa kowace rana, shi ke riƙe da mabuɗin inda aka ajiye siminti. Yaransa ba a fitar da su daga makaranta domin aikin ba, kuma ba yaron da aka bari ya hau bango ko ya shiga ramin masai.

Kuɗi da asusu

Ba za mu rubuta farashi a nan ba, domin kafin takardar ta iso gare ku ya canja. Abin da za a saya ke nan: kwano, katako, ƙusa, waya, siminti, leda, ƙofofi, tagogi, raga, bututu, da ladan magini da kafinta. Sauran duka, wato ƙasa, dutse, yashi, ruwa, ƙarfi da abinci, suna cikin ƙauye. Kafinta ya auna ya faɗi yawan kwano da katako kafin a fara tara kuɗi, a ƙara kashi ɗaya cikin goma domin abin da ba a zata ba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun hatsi, a tara a sayar. Da kuɗi ya shigo a sayi kwano a ajiye, kada a jira. Siminti kuwa a saye shi dab da aiki, domin yana daskarewa in ya daɗe.

Mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban ikilisiya kowane wata, da rasit. Aikin alheri da yawa zargi ne ya kashe shi, ba rashin kuɗi ba.

Game da biya, mun zauna da maigidan ya faɗi abin da zai iya da bakinsa: buhu ɗaya na masara kowace kaka, ba ruwa a kai, kuma shekarar da gona ba ta yi ba, ba a tambaya. Wannan ba zai biya kuɗin gidan duka ba, mun sani. Amma yana shiga asusun gina wa na gaba, kuma shi ya sa yake kiran gidan nasa ba tare da sunkuyar da kai ba. Ga wanda ko wannan ba zai iya ba, aikin hannunsa ya isa. Kada a taɓa sa sharaɗin da zai sa a ƙwace gida daga hannun yara.

Bayan an shiga gida

Sun tare kwana goma sha kafin ruwan fari. Tsohon bangon ya faɗi a cikin watan Yuli na wannan shekara, ba kowa a ciki. Muna yi wa Allah godiya.

Amma gida bai maye gurbin uwa ba. In aka miƙa mabuɗi aka watse, babbar 'yar za ta ci gaba da girki da goyo a cikin sabon ɗaki. Saboda haka kwamitin bai rushe ba. Wata dattijuwa maƙwabciya ta karɓi ƙaramin yaron daga safe zuwa tashin makaranta, yarinyar ta koma aji. Mata biyu biyu suke kai ziyara kowane mako, su duba kitso da wanki, su kuma yi wa 'yan matan maganar da uba ba zai iya yi musu ba. An koya wa uban da manyan yaran maza tuƙa tuwo da kaɗa miya, gama ba abin kunya ba ne namiji ya ciyar da 'ya'yansa. An ba su akuya biyu bisa sharaɗin za a miƙa 'ya'yan fari ga wani gida. Dangin marigayiyar ma an jawo su kusa, domin yaran nasu ne. Ba kuma wanda ya matsa masa ya yi aure da gaggawa domin a sami mai girki. Auren da aka yi don haka, yara ne sukan sha wahalarsa.

Kowace shekara bayan damina, a zaga gidan tare da shi: a cike inda yaɓe ya zube, a duba ƙusa da hanyar gara, a share magudanar ruwa. Gyaran yini ɗaya ne, kuma shi ne ke sa gidan ya kai ga jikoki.

Tambayoyi domin tattaunawa

A karanta Nehemiya sura 3 tare, a lura da yadda kowane iyali da kowace sana'a suka ɗauki nasu sashe na garun. Sannan a tattauna:

1. Iyaye maza nawa ne a ƙauyenmu suke renon yara su kaɗai? Yaushe wani daga cikinmu ya shiga har cikin gidansu?
2. Akwai yarinyar da ta bar makaranta domin ta riƙe gida? Wa zai iya ɗauke mata wani sashe na aikin?
3. Waɗanne kayan gini ne muke da su a ƙauye ba sai an saya ba, kuma su wa suka iya gini da kafinta a cikinmu?
4. Ta yaya za mu nemi taimako domin wani ba tare da mun tona masa asiri ba?
5. In za mu rufa ɗaki kafin damina mai zuwa, me ya kamata mu yi a cikin wannan wata?

Ikilisiyar da take so a zo a nuna mata gwajin ƙasa, ko yadda ake rubuta yarjejeniyar fili, ta faɗa wa ma'aikacin raya karkara na yankinta ta hannun fasto. Ku riƙa tunawa da waɗannan iyalai cikin addu'a, ku kuma je ku gan su. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.